Ɗakin da Ya Zo wa Inna a Mota

A gidanmu na Gyadi-Gyadi ba mu taso mun ga ana gama gini ba. Marigayi Baba ya fara ɗakunan baya ina goye, har aka yi mini aure ba a rufa su ba. In ya samu sarari sai ya sayi bulo ya jibge a ƙofar gida, damina ta ci nata, maƙwabta su ari nasu. Birkila ya zo yau, ya ci tuwon rana, ya ce bari ya je ya ɗauko cokalinsa na gini, sai kuma bayan Sallah. Tulin yashin ƙofarmu har kwatance ake yi da shi. Haka muka san gini, kuma ba mu taɓa ganin laifinsa ba.

Mu uku ne a wurin Inna. Akwai Yaya, wanda yake aiki a Abuja, sai ni da nake ɗinki a Unguwa Uku, sai Auta. Shekarar da nake ba da labarinta, Inna ta zame a bakin famfo ta karye a ƙugu. Aka yi mata aiki, aikin ya yi kyau, amma likita ya kafa mana doka: babu hawa matakala, babu tsuguno. To gidanmu kuwa kamar don a saɓa wa likitan nan aka gina shi. Baba ya ɗaga ɗakuna sama saboda ruwan damina, kowane ɗaki sai ka hau dakali mai tsayi, masai kuma na tsuguno ne, can ƙarshen tsakar gida. Da aka sallame ta sai na ɗauke ta zuwa wurina, a falona take kwana.

Yaya bai ɓata lokaci ba. Ya ce yana da ɗaki a ƙasa, da banɗaki a ciki, ga asibiti kusa. Ƙarshen wata zai zo da mota ya tafi da ita. Gaskiya ba mugunta ce ta sa shi ba, tausayi ne, amma Yaya irin mutanen nan ne da in sun tausaya maka sai ka rasa inda za ka sa kanka. Inna kuma ba ta iya musu da shi, don ɗan fari ne. Ba ta kama sunansa, ba ta haɗa ido da shi. In yana zaune a gabanta sai ta juyo wurina ta ce, "Gaya wa wancan na ji." Da ya fita ta kama hannuna.

"Ke, ni fa a gidan nan aka kawo ni, a nan nake so a fitar da ni. Me zan je yi a garin da ban san mai sayar da daddawa ba?"

Na san in aka ce birkila ne zai yi mata sabon ɗaki kafin ƙarshen wata, to gara mu fara haɗa mata akwati.

A nan Auta ya shigo maganar. Shi gini ya karanta, ya dawo suka buɗe wani fili a Tarauni shi da abokansa, suna ƙera ɗakuna. Ƙerawa fa na ce. Su haɗa ɗaki sukutum a can, da ƙofarsa da tagarsa da wayar wuta, sannan a ɗora a mota a kai wa mai shi. Kuma tun da ya fara wannan sana'a muka rasa sakat da wa'azinsa. A wurin Auta komai asara ce. Jira asara ce, tara kaya asara ce, leburan da ya taka daga nan zuwa can don ɗauko shebur ma asara ya yi. Ya taɓa zuwa shagona ya tsaya yana kallona, wai almakashina ya yi nisa da keken ɗinki, kullum ina zubar da ƙarfina a banza. Na ce ya fita tun ban nuna masa inda almakashin zai yi kusa ba.

Ya ce da Yaya a waya, "Ka ba ni zuwa ƙarshen watan. In ka zo babu ɗaki, ka tafi da ita."

Yaya ya yi dariya ya ce ya yarda.

Ni dai ban yarda ba sai da na hau adaidaita na je Tarauni da ƙafata. Tabɗijam! Wurin gini, amma ƙasa a share tas, an ja layuka da fenti. A jikin bango an zana hoton kowane kayan aiki, guduma a rataye kan hoton guduma, zarto kan hoton zarto. Ɗakuna na jere a layi. Na farko ƙashin ƙarfe ne kawai, mai walda na kansa. Na gaba an sa masa bango, na gabansa ana zura masa waya da bututu, na ƙarshe har ya sha fenti. Babu mai zaman jiran siminti, babu mai kwance a inuwa. Na ce, "Auta, wannan ai ɗinkin kanti ne. Ka auna Inna kuwa?"

"Na auna keken da ake tura ta a ciki, na auna tsakar gida, na auna lungu, na auna tsayin katanga. Duk ɗakunan nan ƙashinsu ɗaya, shi ya sa ba sa cin lokaci. Nata ne dai na faɗaɗa wa ƙofa."

Ya shigar da ni. Ga ƙarfen dafawa a jikin bango tun daga gado har banɗaki, ga masai na zama, ga ƙasa mara santsi, babu dakali ko na yatsa ɗaya. Raina ya yi fari ƙal, amma ban nuna masa ba, kada kansa ya kumbura. Na ce fentin ya yi haske da yawa.

A gida kuwa abin da aka yi bai taka kara ya karya ba. Yaran Auta suka zo suka zuba daɓen siminti a tsakar gida, suka ja bututu zuwa sokawe, suka share wurin suka tafi. Ko ƙwayar yashi ba su bari a ƙofar gida ba. Ai kuwa unguwa ta ɗauka. An ce za a yi wa Inna ɗaki, ga wata ya raba, babu yashi babu bulo babu rodi, to me ke nan? Sayar da gidan za a yi. Wani dillali har ya tare ni a bakin lungu yana tambaya ko takardun suna hannuna. Na wanke shi tas, har mai shayi ya fito ba ni haƙuri. Abin da ya fi ciwo shi ne matan unguwa da suka yi ayari zuwa Unguwa Uku yi wa Inna sallama, wata da sabulu, wata da turare. Bayan sun tafi Inna ta juya fuska bango.

"In kai ni za ku yi, ku gaya mini. Ban son a yi mini wayon yara."

Na rantse mata na ga ɗakin da idona a Tarauni.

"A Tarauni? To a can zan zauna?"

"A'a, kawo shi za a yi a mota."

"Ɗakin? A mota, kamar firji?" Ta yi tsaki. "Allah ya shirye ku, daga ke har shi."

Ranar Asabar ɗin ƙarshen wata, da hantsi, Yaya ya iso da motarsa, har ya shimfiɗa katifa a baya don Inna ta miƙe ƙafa a hanya. Inna ta ce lallai sai an kai ta ta ga wannan abin al'ajabi. Muka ajiye ta a zaure cikin kekenta. Can sai ga babbar mota ta karyo kwana da ɗaki a bayanta, an ɗaure shi da sarƙa, tagarsa tana ƙyalli. A bayanta ga motar ɗaga kaya mai dogon wuya, wadda suke ce wa kiren. Wallahi ko biki ban taɓa ganin lungunmu ya cika haka ba. Masu adaidaita suka faka suka bar fasinja, mai nama ya bar teburinsa.

Auta sai duba agogo yake yi, komai ya tsara masa lokacinsa. Wayoyin wuta da suka gitta lungu ma ya tanadar musu dogayen sanduna, ko da yake wutar ba ta nan, kamar kullum. Amma yaransa na kama katanga za su hau, sai muka ji murya daga shagon da ke jikin gidanmu.

"Kai, kai, kai! Wa ya yi sallama?"

Maƙwabciyarmu ce, 'yar ƙabilar Ibo, muna ce mata Mama mai shago. Ta zo Kano tun tana amarya, Hausarta ta fi tawa gishiri, kuma ita da Inna sun yi shekaru suna faɗa a kan magudanar ruwa suna aika wa juna abincin Sallah da na Kirsimeti. Ta ce, "Ku za ku hau katanga ku leƙa gidajen mutane, mata na wanki a tsakar gida? Ba a faɗa muku ana sanarwa ba?" Ta ɗaura gyale ta bi gida gida tana kwaɗa kira, "A shiga ɗaki, maza za su hau sama!" Auta ya tsaya yana cizon yatsa, ana cinye masa lokaci. Matan kuwa babu wadda ta shiga ɗaki, mayafi kawai suka yafa suka fito kallo.

Aka ɗaga ɗakin. Na ga ɗaki a sama da idona, yana lilo a hankali, ya haye katangarmu, inuwarsa ta rufe tsakar gida. Tsofaffi na salati, yara na ihu. Inna ta riƙe carbi ta kasa ja. Aka sauke shi a kan daɓen, ya zauna daram, ƙofarsa tana kallon zaure. Auta ya dubi Yaya, ya dubi agogo, ya yi wani murmushi da ya sa na ji kamar in rungume shi in kuma mare shi.

Tun ba a kwance sarƙa ba na tura Inna ciki. Keke ya shige sumul. Ta shafa bango, ta ƙwanƙwasa shi, ta ja ƙarfen dafawa ta ji ƙarfinsa. Ta ce tagar ba laifi. A bakin Inna wannan babban yabo ne. Sai na tura ta bakin banɗaki. Ta kalli masan, ta ɗaga kai ta kalli inda rana take ta taga, ta sake kallon masan.

"Ke, ina gabas?"

Na nuna. Hannuna bai gama miƙewa ba na gane inda matsalar take. Wanda duk ya zauna a kan masan nan, alƙibla zai fuskanta sak, kamar liman.

A Tarauni ɗakin kudu yake kallo a kan layinsu, shi ya sa babu wanda abin ya faɗo wa. Sai da aka juyo shi ƙofarsa ta kalli zaurenmu sannan masai ya kalli gabas. Na fito na sami Auta. Na ce, "Kai! Ka auna keke, ka auna lungu, ka auna katanga, ka manta da alƙibla? Kai da goshinka har ya yi baƙi da salla?" Ya shiga ya leƙa, ya fito ya dafe kai.

Yaya, mutumin kirki, ya yi ƙoƙarin gyarawa. Ya ce shi a iya karatunsa, in a cikin gini ne babu laifi, hanin na fili ne. Ya aika aka kirawo limamin masallacin lungunmu. Liman ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce haka ne, malamai da yawa sun yi sauƙi in akwai bango, ko da yake kaucewa ta fi. Inna ta saurare shi har ya gama, ta yi masa godiya, ta tambayi iyalinsa. Yana juya baya ta ce da ni, "Malaman da suka yi sauƙin su zo su zauna a kai. Ni tunda uwata ta haife ni ban taɓa ba, ba kuma zan fara da furfura ba."

Wanda ya san Inna ya san an rufe wannan babi. Na ce da Auta ya kwance masan ya juya shi. Ya ce ba zai yiwu a nan ba. Bututun a cikin ƙasan ɗakin aka haɗa shi, kuma in an juya masan gwiwarta za ta tokari bango, ƙarfen dafawa ya tashi a banza. Sai dai a mayar da ɗakin Tarauni a farke banɗakin, a jira layi ya zagayo. Direban kiren ya leƙo ya ce shi fa yana da wani aiki a Daurawa. Sai na ji ƙarar makullin mota a aljihun Yaya. Na kalli Inna. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta, ta ƙanƙance a cikin keken nan. Tsoro ya kama ni sosai, don na ga tafiyar nan ta tabbata.

Can Auta ya ce, a hankali, "Akwai hanya ɗaya. A ɗaga ɗakin gaba ɗaya a juya shi, masai ya kalli kudu. Daɓen zai ɗauka, bututu kuma gwiwa ɗaya zan ƙara masa."

"To me kake jira?"

Sai ya nuna da haɓa. In aka juya ɗakin, ƙofarsa za ta buɗe ne a jikin madafin Inna, ko tafin hannu ba zai shiga tsakani ba. Ɗaya gefen kuma katangar Mama mai shago ce.

Madafin nan ɗan ƙaramin ɗaki ne, bangonsa baƙi ƙirin da hayaƙi, rufinsa kwano ya yi tsatsa. Amma a nan Inna take mulki. A nan ta yi tuwon sunanmu da na bikinmu, da na sadakar Baba. Mun saya mata gas ta ce tuwon gas ba ya nuna, ta ajiye shi ta ɗora tire a kai. Baba ya taɓa cewa zai matsar da madafin baya, ya yi kwanaki yana cin abincin da babu gishiri har ya janye. Babu wanda ya isa ya ɗauki ko ludayi a ciki bai tambaya ba. Don haka babu wanda ya isa ya ce a rushe shi a cikinmu.

Inna ta ce, "Tura ni can."

Na tura ta har bakin madafin. Dokin ƙofar ya tare keke, ba ta iya shiga ba. Ta zauna tana kallon murhu, da tokar da ta bari ranar da ta faɗi, da muciyarta a soke a jikin kwano.

"Fito mini da tukwanena da muciya," in ji ta. "Sauran ku rushe."

"Haba Inna! Madafinki fa?"

"Da ƙugun wa zan tsuguna gaban murhu? Ke dai yi abin da na ce, mai motar nan yana sauri."

Sai ga wani abin dariya a tsakiyar abin kuka. Yaran Auta ba su zo da guduma babba ko diga ba, don tsarinsu ba a ɗaukar abin da aikin ranar bai nema ba. Mama mai shago ta ce, "Ku ji mini injiniyoyi!" Ta leƙa lungu ta yi magana ɗaya, sai ga diga, ga shebur, ga baro, kowa ya fito da abin da ya rage masa na ginin da bai gama ba. Masu adaidaita suka tuɓe riga. Ƙura ta tashi, baraguzai suka taru a ƙofar gida. Wani dattijo da ke wucewa ya tsaya ya ce, "Yauwa, ashe dai da gaske ana gini." Har Yaya na gani ya naɗe hannun riga yana tura baro, farar shaddarsa ta yi baƙi da kunkunniya. Ni ce na ƙi kallo. Na zauna a zaure na rungume tukunyar tuwo, ina jin kowane bugu a ƙirjina.

Kafin azahar an share wurin. Aka sake ɗaga ɗakin, ya juya a sama a hankali, aka sauke. Auta ya shige ƙarƙashi da kansa ya haɗa bututu. Na tura Inna ciki. Ta kalli masan, ta kalli taga, ta gyaɗa kai. Sannan ta ce, "Gaya wa wancan ya sauke katifar nan daga motarsa, ta fi tawa laushi."

Yaya ya yi dariya har da hawaye, ya je ya ɗauko da kansa.

Da la'asar jama'a suka watse, gida ya yi shiru. Inna na zaune a bakin sabuwar ƙofarta, gabanta fili fetal, sai baƙin tabo a ƙasa inda murhu yake da. Na ga tana ta kallon inuwar katanga. Lokacin ɗora tukunya ne, jikinta ya sani. Ta motsa kamar za ta tashi, sai ta koma.

"Yau me za a ci a gidan nan?"

Na ɗauko gas ɗin nan da ta raina, na ajiye a gabanta, na ɗora ruwa. Tana daga cikin keke tana ba da umarni. Ruwan ya yi yawa. Talgen ya yi kauri. Wa ya koya mini riƙe muciya haka kamar mai tuƙa kwalekwale? Ina tuƙi hawaye na zuba, na kasa tsayar da su.

"Mene ne kuma?"

"Hayaƙi ne, Inna."

"Gas ɗin ne yake hayaƙi? Ke dai tuƙa, zai yi gudaji."

Ya kuwa yi gudajin. Ta ci loma kaɗan tana ɓata fuska, ta ce miyar ma sai a hankali, sannan ta cinye malmalar tas ta miƙo mini kwano. Na wanke hannu na ɗauki mayafina zan koma Unguwa Uku. Har na kai zaure ta ƙwala mini kira daga ɗakinta.

"Gobe ki zo da wuri, ki taho da daddawa. Ba ta kanti ba, ta matar nan ta bayan masallaci, ki ce mata ni ce, ina gida."